CT, MRI, PET ko Sikanin na Cikin Tumbi: Wane Hoto Za a Yi wa Wanda Ake Zargin Yana da Kansar Fankiriyas?

Idan likita ya fara zargin kansar fankiriyas, abin da ke biyowa baya shi ne takardar zuwa ɗaukar hoto, kuma a nan ne kan majinyaci da 'yan uwansa ke ɗaurewa. Wannan ya ce CT za a yi, wancan ya ce ai MRI ya fi fito da komai, wani kuma ya ji labarin PET sai ya ɗauka tunda ya fi tsada shi ne ƙarshen magana. Alhali na'urorin nan kowacce da tambayar da take amsawa. Tambayoyi huɗu ne a gaban likita kafin ya yanke shawarar magani. Shin akwai ƙari? In akwai, kansa ce ko wani abu ne mai kama da ita? Ya kama manyan jijiyoyin jinin da ke kewaye? Ya bazu zuwa hanta ko wani wuri? Na'urar da ta ƙware a ta farko tana iya yin kame-kame a ta huɗu. A ganina kuma, yadda aka ɗauki hoton, da lokacin da aka ɗauke shi, da idon da ya karanta shi sun fi sunan na'urar tasiri a kan sahihancin sakamako.

Fankiriyas sashen jiki ne mai tsawon kimanin santimita 15, yana kwance a gicciye can bayan tumbi, dab da ƙashin baya. Shi ke samar da insulin mai daidaita sukarin jini, shi ke kuma zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji. Likitoci sun kasa shi uku: kai, jiki da wutsiya. Kan yana maƙale a lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, kuma bututun da ke sauko da ruwan maɗaciya daga hanta ta cikinsa yake ratsawa. Shi ya sa ƙarin da ya fito a kai, wanda shi ne kusan kashi biyu cikin uku, yakan tona kansa da ciwon shawara: idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Na jiki da wutsiya kuwa shiru yake yi yana girma, sai rama da ciwon baya sun bayyana, lokacin kuma sau da yawa ya riga ya yi nisa.

Ƙididdigar cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 an gano cutar a jikin mutum kusan 496,000, kuma kusan 466,000 suka mutu da ita. Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 kacal ake samu a matakin da fiɗa za ta iya cire ƙarin, fiɗar kuma ita kaɗai ke ba da damar warkewa. Saboda haka kuskuren hoto fuska biyu gare shi. In hoton ya ce ba za a iya fiɗa ba alhali za a iya, an hana mutum damarsa guda ɗaya. In ya ce za a iya alhali cutar ta riga ta kai hanta, za a buɗe shi don babbar fiɗar cire kan fankiriyas da likita Allen Whipple ya bayyana a 1935, a tarar ba amfani, a rufe, sannan a jira makonni rauni ya warke kafin a fara kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, da ya kamata a fara tun farko.

Sikanin na kan fata, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, ba zan daɗe a kansa ba. Shi akan fara yi wa mai ciwon shawara, kuma yana da amfani: yana nuna tsakuwar maɗaciya, yana nuna ko bututun ya buɗe saboda toshewa, wani lokacin ma ya hango ƙari a hanta. Amma iskar da ke cikin tumbi da hanji tana tare sautin da na'urar ke aikawa, kitse ma haka, wutsiyar fankiriyas kuwa sau da yawa ba a ganinta sam. In ya nuna ƙari, to. In ya ce lafiya lau alhali alamun ciwon suna nan, kada hankalin kowa ya kwanta.

CT, da sharaɗin a yi shi yadda ya kamata

Tun da aka ɗauki hoton majinyaci na farko a Landan a 1971 da na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera, CT, wato hoton eksire da ke nuna cikin jiki yanki-yanki, ya zama ginshiƙin wannan aiki, kuma har yau shi ne zaɓin farko a ƙa'idojin manyan ƙungiyoyin likitocin kansa. Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. CT na ciki da ake yi wa wanda ya zo da ciwon ciki a sashen gaggawa daban yake da CT da aka tsara musamman don fankiriyas, ko da na'ura ɗaya ce ta ɗauke su.

Bambancin yana cikin daƙiƙoƙi. Kusan kashi 90 cikin 100 na kansar fankiriyas daga bututun cikinsa take farawa, kuma ƙarin nata tauri gare shi, cike da tsoka mai kama da tabo, jini ba ya shigarsa sosai. Lafiyayyen fankiriyas kuwa jini gare shi. In aka ɗura ruwan aidin, wato ruwan da ke sa jini ya haska a hoto, a jijiya da sauri, lafiyayyen ɓangaren zai haska ya bar ƙarin da duhu, kuma wannan bambancin ya fi fitowa tsakanin daƙiƙa 40 zuwa 50 bayan fara ɗurin. A lokacin ake ɗaukar zagaye na farko, wanda kuma yake fito da jijiyoyin da ke kawo jini daga zuciya. Sai a sake ɗauka a daƙiƙa 65 zuwa 70, lokacin da hanta da jijiyoyin da ke kai mata jini daga hanji suka cika. CT na yau da kullum zagaye na biyun nan kaɗai yake ɗauka, lokacin da hasken fankiriyas ya fara dushewa, ƙaramin ƙari kuma ya fara sajewa da abin da ke kewaye da shi. Ban da wannan, ana so a yanka hoton siriri, milimita ɗaya ko ƙasa da haka, a kuma ba majinyaci ruwa zalla ya sha maimakon farin ruwan nan mai haske a hoto, domin wancan yana rufe jijiyoyi da bangon hanji.

In an yi shi haka, CT yana kama wajen tara cikin kowane ƙari goma. Inda ya fi kowa kuma shi ne tambaya ta uku, ta jijiyoyi. Manyan jijiyoyin da ke ciyar da hanji da hanta da tumbi a jikin fankiriyas suke wucewa, likitan fiɗa kuma yana son sanin iya inda ƙarin ya taɓa kowacce. Ma'aunin da ake amfani da shi digiri 180 ne, wato rabin kewayen jijiyar. Ƙarin da ya jingina da jijiya bai kai rabi ba hukuncinsa daban, wanda ya zagaye fiye da rabi hukuncinsa daban, haka kuma ana sassauta wa jijiyar da ke kai jini hanta daga hanji fiye da mai kawo jini daga zuciya, domin ita ana iya yanke ta a gyara. Da wannan ake raba marasa lafiya huɗu: wanda za a yi wa fiɗa kai tsaye, wanda ke kan iyaka sai an fara masa kemo, wanda ƙarin ya riƙe jijiyoyi, da wanda cutar ta bazu. CT yana kammala aikinsa cikin 'yan mintuna, yana haɗa ƙirji da ƙugu a zama ɗaya, kuma likitocin fiɗa sun saba karanta shi da kansu. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin mai riƙe da wuƙar shi ya fi buƙatar taswirar.

Rauninsa guda biyu ne, kuma duka masu nauyi. Na farko ƙananan ƙari, waɗanda ba su kai santimita 2 ba, wato daidai waɗanda aka fi so a kama. A nan kaifinsa yana raguwa ƙwarai. Akwai ma wasu, kusan ɗaya cikin goma, da suke ɗaukar ruwan aidin daidai da lafiyayyen fankiriyas, neman su a hoto kamar neman farin zare ne a kan farin ƙyalle. Ƙwararren mai karanta hoto ba ƙarin yake nema a irin wannan ba, ɓarnar da ya yi yake bi: bututun fankiriyas da ya buɗe sannan ya yanke kwatsam a wuri ɗaya, ɓangaren da ke bayan toshewar da ya motse, ko bututun fankiriyas da na maɗaciya duka sun buɗe tare. Rauni na biyu shi ne ƙananan ɗigo-ɗigo a hanta da tantanin ciki. Ɗigon da bai kai santimita ɗaya ba, CT yakan kasa cewa ruwa ne ko kansa, sai rahoto ya fito da cewa ya yi ƙanƙanta da a tantance shi, kuma a kan wannan ɗigon ne hukuncin fiɗa ya rataya.

Mutane kan damu da hasken eksire da CT ke amfani da shi. Damuwa ce mai tushe ga yaro ko matashin da za a riƙa maimaita wa hoto shekara da shekaru, amma yawancin masu wannan cuta sun haura 60, kuma haɗarin kasa gano ƙarin ya ninka na hasken nesa ba kusa ba. Abin da ya fi cancantar dubawa shi ne lafiyar ƙoda, da ko ruwan aidin ya taɓa tayar wa mutum da borin jini.

Lokaci ma yana cikin sahihanci. Ƙa'idojin ƙungiyar manyan cibiyoyin kansa ta Amurka, NCCN, sun so a ɗauki hoton cikin makonni huɗu kafin fiɗa, domin cutar tana gudu, hoton wata biyu da suka wuce labarin jiya yake bayarwa. Sun kuma so a ɗauke shi kafin a saka ɗan bututun da ke buɗe hanyar ruwan maɗaciya. Wannan kuskure ne da ke yawan faruwa da kyakkyawar niyya: mutum ya zo idanu rawaya, jiki na ƙaiƙayi, a gaggauta saka masa bututu don ya samu sauƙi, daga baya a tura shi hoto. Bututun yana ɓata hoton, saka shi kan jawo kumburi, kumburin kuma a hoto kama yake da yaɗuwar kansa. In ba zazzaɓin toshewa ne ya tilasta gaggawa ba, hoto ya kamata ya riga bututu.

MRI

MRI da maganaɗisu yake aiki, babu hasken eksire a ciki, kuma ya fi CT bambance nama da nama. In ana maganar gano ƙarin da ya ɗan girma ko auna jijiyoyi, kusan kunnen doki suke yi da CT, don haka wanda ya samu CT mai kyau ba ya buƙatar maimaita wannan tambayar da MRI. Inda ya yi zarra shi ne daidai inda CT ya gaza. Ɗigon hantar nan da aka ce ya yi ƙanƙanta, MRI yakan raba gardama a kansa, musamman da salon da ke auna yadda ruwa ke motsi tsakanin ƙwayoyin halitta, domin a cikin kansa ƙwayoyin a cunkushe suke, ruwa ba ya sakewa. Akwai cibiyoyin da saboda haka suke yi wa duk wanda za a yi wa fiɗa MRI na hanta tukuna, kuma ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi, musamman in ƙarin babba ne ko mutum ya rame sosai.

Haka nan yana zana bututun fankiriyas da na maɗaciya ba tare da an zura komai a jiki ba, salon da ake kira MRCP. Wannan ya sa shi ne zaɓi ga ƙullutu mai ruwa, wanda a yau ake yawan cin karo da shi a hoton da aka ɗauka don wani dalili daban. Mafi yawansu ba za su taɓa zama kansa ba, wasu kuwa suna iya rikiɗewa. Ana duba ko ƙullutun ya kai santimita 3, ko akwai tsiro a bangonsa, ko babban bututu ya buɗe ya kai milimita 10. Tunda bibiya ce ta shekaru, rashin hasken eksire a nan riba ce ta gaske.

Amma MRI yana neman haɗin kan majinyaci. Minti 30 zuwa 45 mutum zai kwanta cikin ƙuntataccen rami mai ƙara, ana cewa ya riƙe numfashi ya saki. Dattijon da ciwon baya ya hana shi kwanciya rigingine, ko wanda ruwa ya taru masa a ciki, hotonsa zai fito da dishi-dishi, kuma MRI mai dishi-dishi bai kai CT mai tsabta ba. Wasu na'urorin bugun zuciya da ƙarafan da aka dasa a jiki suna hana shiga. Huhu ma ba fagensa ba ne, dole a koma ga CT don ƙirji.

Sikanin na cikin tumbi

Tunda iska da kitse ne ke hana sikanin na kan fata ganin fankiriyas, sai aka ɗora ƙaramin kan sikanin a bakin bututu mai kyamara, a zura ta baki bayan allurar barci, a jingina shi da bangon tumbi ko farkon hanji. Daga nan tsakaninsa da fankiriyas 'yan milimitoci ne. Likitoci suna rubuta shi EUS. A kan ƙananan ƙari babu na biyunsa, yana kama fiye da kashi 90 cikin 100 har na waɗanda ba su kai santimita 2 ba. Duk wanda CT ko MRI ya nuna masa bututu a toshe ba tare da an ga abin da ya toshe shi ba, nan ya kamata ya nufa, ba a ce ya dawo bayan wata shida ba.

Fa'idarsa ta biyu ita ce allura. Tun 1992, lokacin da Peter Vilmann da abokan aikinsa a Denmak suka bayyana yadda suka ɗebo tsoka daga fankiriyas ta wannan hanya, shi ne hanyar da aka fi amincewa da ita wajen samun abin da za a duba a madubin likita. Sauran na'urorin duk hasashe suke yi daga kamanni, wannan kuwa nama yake kawowa. Alluran zamani suna yanko ɗan sili na tsoka maimakon tsotso ƙwayoyi kawai, abin da ke ba da damar gwajin ƙwayoyin gado na ƙarin don zaɓen magani.

A nan akwai abubuwa biyu da kan ba iyalai mamaki. Na farko, ba kowa ke buƙatar ɗebo tsokar ba. In CT ya nuna ƙari mai duk kamannin kansa kuma za a iya cire shi nan take, likitoci sukan wuce fiɗa kai tsaye, domin ko allurar ta ce babu, ba za a fasa ba. Wanda za a fara wa kemo shi ne dole sai an tabbatar. Na biyu, sakamakon da ya ce ba a ga kansa ba bai wanke mutum ba. Ƙwayoyin kansar a warwatse suke cikin tsoka mai tauri, allura tana iya shiga ta fito da tabo zalla. In zargi na da ƙarfi, maimaitawa ake yi.

Rauninsa shi ne ya dogara da hannun mai yinsa fiye da kowace na'ura a wannan jeri. Hoton CT ana iya aika shi wani likita ya sake dubawa, na EUS kuwa abin da mai riƙe da bututun ya gani a lokacin shi ke nan. Kumburin fankiriyas mai daɗewa, da 'yan duwatsun da yake tarawa, suna rage masa gani. Ba ya hango nesa, don haka bai isa ya ce cutar ba ta bazu ba. Akwai kuma ɗan haɗarin kumburi ko zubar jini bayan allurar, ko da yake ba kasafai ba.

PET, inda masana suka rabu

PET ba siffar gaɓa yake nunawa ba, cin abincinta yake nunawa. Ana ɗura sukari mai alama a jijiya, ƙwayoyin da ke cin sukari da yawa su haska, a ɗora hoton a kan CT don a san wurin. Ƙarfinsa shi ne duba jiki gaba ɗaya, ya tono kaluluwa mai nisa ko ɗigo a ƙashi da ba wanda ya yi zato. Sai dai kumburi ma cin sukari yake yi, don haka yakan haska inda babu kansa. Mai ciwon sukarin da jininsa ke cike da sukari kuwa, ƙarin ya riga ya ƙoshi, ba zai ɗauki mai alamar sosai ba, kuma masu wannan cuta da yawa suna da ciwon sukari. Ƙananan ɗigo a hanta ma sukan kuɓuce masa, sannan ba ya auna jijiyoyi.

Birtaniya da Amurka ba su tsaya wuri ɗaya a kansa ba. Wani bincike da aka yi a asibitocin Birtaniya mai suna PET-PANC, a kan marasa lafiya 550, ya nuna cewa ƙara PET a kan CT ya sauya tsarin magani a kashi 45 cikin 100, ya kuma hana fiɗa ga kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka shirya yi wa. Da wannan hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Birtaniya, ta ba da shawara a 2018 cewa a yi shi ga duk wanda CT ya nuna cutarsa ba ta bazu ba kuma za a yi masa magani. NCCN kuwa ta bar shi ga masu alamun haɗari, ta kuma jaddada cewa ba ya maye gurbin CT mai kyau. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne PET bayan CT yake zuwa don ya taimaka masa, ba a fara da shi. Akwai sabon sinadari, FAPI, da masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka fito da shi, wanda yake manne wa tsokar tabon da ke kewaye da ƙarin maimakon bin sukari. Yana ba da fata, amma shi ma kumburi na ruɗa shi, kuma har yanzu a fagen bincike ya fi yawa.

In duk an gama shakka ba ta gushe ba, likitan fiɗa yana iya leƙa cikin da kyamara ta ƙaramar huda kafin babban yanka. Ɗigon milimita biyu a kan tantanin ciki ido ne kawai ke ganinsa.

Akwai wuraren da dukkan na'urorin ke tuntuɓe tare. Wani nau'in kumburin fankiriyas da garkuwar jiki ke haddasawa yana kwaikwayon kansa har da shawara da rama, alhali ƙwayoyin rage kumburi ke maganinsa, ana kuma neman alamarsa da gwajin jini na IgG4. Shi da ire-irensa ne suka sa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda aka yi wa babbar fiɗar nan bisa zargin kansa ake tarar da ba ita ba ce. Bayan kemo ma hoto yana rage gaskiya: ƙarin yana iya mutuwa ya bar tabo a jikin jijiya, CT kuma ba ya bambance tabon da kansa mai rai. Shi ya sa in hoto bai nuna cutar ta ƙaru ba, jikin mutum ya yi ƙarfi, gwajin jini na CA 19-9 ya sauka, likitoci da yawa sukan shiga fiɗa ko da hoton bai sauya ba. Gwajin jinin kansa sai da hattara. Toshewar ruwan maɗaciya kaɗai tana ɗaga shi, sannan akwai mutanen da jikinsu ba ya samar da sinadarin sam, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a jumlace, kuma adadin ya fi haka a tsakanin baƙar fata.

Ƙirƙirarriyar basira fa?

Labarin da ya fi jan hankali shi ne na manhajar PANDA, wadda cibiyar bincike ta kamfanin Alibaba da asibitocin Sin suka wallafa sakamakonta a mujallar Nature Medicine a 2023. An koya mata gano ciwon fankiriyas a CT da ba a ɗura ruwan aidin ba, abin da idon ɗan Adam ke shan wahala a kai. A gwajin da aka yi da hotunan mutum 20,530 ta kama kashi 92.9 cikin 100 na masu ciwo, ta kuma wanke kashi 99.9 na marasa shi. Amfaninta na kusa a bayyane yake: miliyoyin CT ake ɗauka don tari ko tsakuwar ƙoda, fankiriyas yana cikin hoton ba wanda ya kula da shi, manhaja kuma ba ta gajiya.

Amma a yi lissafi kafin a ce kowa ya je a duba shi. A Amurka kimanin mutum 13 cikin 100,000 ke kamuwa da cutar a shekara. Ko da gwajin da ke kuskure sau ɗaya kacal cikin dubu, in aka duba mutum 100,000 za a tayar wa kusan 100 hankali a banza don a kama goma sha wani abu, kuma wasu cikin ɗarin nan za su kai ga allura ko wuƙa. Wannan ne ya sa kwamitin rigakafi na Amurka ya sake jaddadawa a 2019 cewa kada a riƙa duba masu lafiya da ba su da wata alama. Waɗanda ake bibiya su ne masu haɗarin gado: wanda 'yan uwansa na jini biyu ko fiye suka yi cutar, ko mai ɗauke da sauyi a ƙwayoyin gado irin su BRCA2, PALB2, ATM, CDKN2A ko STK11. Su kuma MRI ko EUS ake yi musu duk shekara, ba CT ba. Wani rukunin da ake sa wa ido shi ne waɗanda ciwon sukari ya kama farat ɗaya bayan shekara 50, musamman in suna ramewa. Binciken asibitin Mayo da ke Amurka ya nuna kusan ɗaya cikin ɗarinsu ake gano wa kansar cikin shekara uku.

To wanne za a zaɓa? Wanda ke da alamun cutar, ko sikanin ya nuna wani abu, CT na musamman don fankiriyas zai fara yi, tare da ƙirji, kafin bututu. In aidin ba ya karɓarsa, MRI ya tsaya a madadinsa. In an ga ƙari kuma akwai ɗigo mai shakku a hanta, MRI. In an ga toshewa ba a ga ƙari ba, ko za a fara kemo, EUS da allura. PET sai in ana shirin fiɗa kuma akwai dalilin zargin cutar ta yi nisa. Ƙullutu mai ruwa da bibiyar masu gado na MRI ne, EUS ya shigo in wani abu ya sauya.

Inda CT kaɗai ake da shi ba a yi asara mai yawa ba, muddin likitan da ya rubuta takardar ya fayyace cewa fankiriyas ake zargi, domin ma'aikacin na'urar ya saita zagaye biyun nan. Abin da zan fi kashe ƙarfi a kai bayan wannan shi ne karatu na biyu. A asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, lokacin da tawagar ƙwararru ta sake duba marasa lafiyar da aka turo daga wasu wurare, shawarar magani ta sauya ga kusan ɗaya cikin huɗu, kuma sake karanta hoto na cikin manyan dalilai. Tun 2014 ƙungiyoyin likitocin hoto da na fankiriyas a Amurka suka fitar da tsarin rahoto da ke tilasta a ambaci kowace jijiya da sunanta da digirin da ƙari ya taɓa ta. Rahoton da ya tsaya a kan cewa akwai ƙari a kan fankiriyas kusa da jijiyoyi bai gama aikinsa ba, kuma majinyaci na da haƙƙin neman a cike shi.

Don haka a karɓi hotunan kansu a faifai ko ta intanet, ba takardar rahoto kaɗai ba, domin likita na biyu ba zai iya sake karanta takarda ba. A haɗa da duk wani tsohon CT ko MRI na ciki ko ƙirji, ko da na shekarun baya ne kuma don wani ciwo daban aka yi shi. Binciken da ya waiwayi tsoffin hotunan masu wannan cuta ya sha gano bututun da ya fara buɗewa ko gefen da ya fara motsewa watanni kafin a gano ta. Bututu mai faɗin milimita 4 a jikin dattijo yana iya zama ba komai ba, amma in hoton bara ya nuna milimita 2 ne, dalili ne na tura shi EUS.